Almakashin da Ya Hana Ni Shuka

Akuyar matata Hajara ce ta kai ni Ikko. Wata Alhamis bayan girbi na ja ta daga Gagarawa zuwa kasuwar Maigatari, tana kuka ina ba ta haƙuri, na dawo da igiya a hannu. Hajara ta ce, "Malam, ka dawo kafin ruwan farko." Na ce ko a kan ƙahon sa ne zan dawo. A saman tirelar shanu kuwa na tafi, ta wani direba Sabi'u mutumin Sule Tankarkar, kwana biyu ina shaƙar abin da shanu suka ci jiya.

Ku samarin yanzu da kuke ɗokin birni, ku saurara. Sana'ata a Agege yankan farce ce. Almakashi, ɗan soso da ruwan sabulu, ina tafe ina kaɗa almakashin ƙyas-ƙyas. Duk wanda na wuce sai ya ce, "Aboki, kom!" wato in zo. Na ce ikon Allah, ashe na yi suna tun ban iso ba.

Lokacin ne maganar ƙanjamau ta cika rediyo. Bayarabe mai faci ya ce 'yan Gana ne suka kawo ta. Ɗan Gana mai gyaran takalmi ya ce ƙarya ne, daga Kwango take. Wani mutumin Damagaram da muke ɗaki ɗaya, su sida suke ce mata, ya rantse ciwon Najeriya ne. Ni na raba gardamar. Na ce ciwon Turawa ne, wanda ya tashi da tuwon gero ba ruwansa.

Sabi'u in ya sauke shanu, a ɗakinmu yake hutawa, kwano ɗaya muke ci. Sai ya fara rama. Tari, gudawa, har ya ajiye tuƙi. Wata rana ina yanke masa farce almakashi ya zame, ya ci namansa, ya zarce ya tsaga mini babban yatsa. Jinina da nasa a kan ƙarfe ɗaya. Muka yi dariya, na goge a wando.

Bayan kwana uku ya dawo daga asibiti da takarda. Ba mai karanta Turanci a cikinmu, sai ya miƙa wa mai gidan, wata ƙatuwar mata da muke kira Mama. Ta karanta, ta yar da takardar kamar ta ɗauki garwashi.

"Eds! Eds! Aboki, fita da shi!"

"Haba Mama, mutum ne fa, ba buhu ba."

"Ko shi ya fita, ko ku duka!"

Bakina ne kawai yake gardama. Idona na kan yatsana.

Muka yi masa rumfar kwali a bayan masallaci, muka ware masa kwano. Ba zan ɓoye muku ba, da sanda nake tura masa abinci. Ni ɗin nan mai cewa ciwon Turawa.

Ban san tsoro ba sai lokacin. Kowace safiya in zagaye wuyan hannuna da yatsu biyu, in ga ko ya ragu. Abinci ya ƙi shiga don fargaba, sai na rame, ramar ta ƙara mini fargaba. In na yi tari sau ɗaya sai in fara tunanin wa zai kai wa Hajara labari. Abin da ya fi cina shi ne, in na koma gida da cutar a jikina fa? Na sayar mata da akuya, in kawo mata ajali tsaraba?

Da ƙyar na kai kaina babban asibiti. Allah ya haɗa ni da wata nas 'yar Jos mai jin Hausa. Ta saurare ni tsaf, ta ɗebi jini, ta ce ba kasafai ake ɗauka ta irin wannan yanka ba, amma ba za ta rantse mini ba.

"Ko yau ba mu ga komai ba, sai ka dawo bayan wata uku. Da farko ɓuya take yi a jini."

"Wata uku, Sista? Ruwa zai sauka, ina da gona!"

"Kana da mata kuma?"

Na gyaɗa kai, na ce, "Ni da na ji ciwon Turawa ne."

Ta nuna mini taswirar duniya a bango. "Zaɓi ƙasar da ka ga dama, Malam, tana can. Turawa na binne nasu, mutanen Indiya na binne nasu, kowa kuma maƙwabcinsa yake nunawa. Ta hanyar kwanciya ake ɗauka, da jini, da allura ko reza da wani ya yi amfani da ita, uwa ma tana iya ba jariri. Ba a ɗauka a musafaha, ko cizon sauro, ko cin kwano ɗaya."

Wannan ta ƙarshen ta fi allurarta zafi.

'Yan garinmu suka ɗaure kaya suka tafi shuka. Na ce su gaya wa Hajara aiki ya riƙe ni. Kafin su kai Gagarawa labarin ya zama wai na auri Bayarabiya mai bene.

Ni kuwa na yar da sandar nan. Na zauna kusa da Sabi'u, na sa hannu a kwanonsa. Ya dube ni da idanun da suka zurma.

"Ɗan Gagarawa, ka daina tsoro ne?"

"Yana nan, Direba. Yunwa ce ta fi shi ƙarfi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya ce, "Ka yafe mini jinin nan." Na ce almakashina ne ya yanke shi, wa zai yafe wa wa? Bai kai watanni ukun ba. Mu huɗu muka yi masa salla.

Ranar da na koma asibiti, Sista ta duba takarda ta ce, "Nagatib."

"Ki faɗa da Hausa kafin in faɗi."

"Ba ka da ita. Je ka gida."

Na isa Gagarawa gero ya kai gwiwa. Hajara da ƙannenta ne suka shuka rabin gonar, ɗaya rabin kuwa ciyawa ta gada. Tsarabata kwalin reza, na raba wa wanzamanmu, kowane kai da tasa sabuwa. Har gobe wasu suna ce mini Ilu Mai Reza.

Hajara ta ajiye mini ruwa ba ta dube ni ba. "Ina amaryar? Ko benen ya ƙi shiga mota?"

Na zauna na gaya mata komai, har da sandar. Sannan ta kamo hannuna, ta juya babban yatsan, ta ƙura wa ɗan tabon ido.

"Wannan abin ne ya ci mini akuya da damina?"

Na ce shi ne.

Ba ta saki yatsan ba har ruwan sanyin da ta kawo ya yi ɗumi.