Kan Batir ɗin Motar Baba

AUTA: Salamu alaikum. Yaya?

YAYA: Wa alaikumus salam. Auta, kai ne? Ɗaga murya, ana dukan ƙarfe a bayana.

AUTA: Ni ne. Ina wuni, Yaya.

YAYA: Lafiya lau. Ya gida? Ya Umma?

AUTA: Lafiya ƙalau. Ya gareji? Ya Anti da yarinya?

YAYA: Suna nan lafiya. Yarinyar ta fara haƙori, duk abin da ta kama sai baki. Ya ƙarin haƙurinmu?

AUTA: Haƙuri ya zama dole.

YAYA: Allah ya jiƙan Baba. Umma tana cin abinci kuwa?

AUTA: Tana taɓawa. Ni ma tana ajiye min nawa a bakin ƙofa, ta rufe da faranti, ta koma ɗaki. Sati bakwai ke nan ba ta dube ni a ido ba.

YAYA: To, sai a hankali. Ka san zuciyar uwa. Lafiya dai ka kira da rana tsaka?

AUTA: Na yaye tamfol ɗin motar Baba.

YAYA: Ka yi me? Layin yana yankewa.

AUTA: Motar Baba. Na buɗe ta yau.

YAYA: Wa ya aike ka? Rediyon ne bai ishe ka ba har yanzu?

AUTA: Rediyon na je cirewa. Na ce in fizge shi in jefar, ko Umma za ta huta da tunawa. Hular Baba tana nan kan dashbod inda ya bar ta. Kujerar ma ba ta miƙe ba, har yau da lotsawar bayansa. Na daɗe a zaune kafin in buɗe bonet.

YAYA: Me ya kai ka bonet kuma?

AUTA: Kai ka koya min. Ka ce kafin a taɓa kowace waya a mota, a fara cire baƙar wayar batir. Kai ne mai gyaran wutar mota a gidanmu, maganarka nake bi.

YAYA: Ashe kana ji. To ka cire?

AUTA: Ban cire ba. Ita ta biyo hannuna. Na ɗora yatsa biyu kawai, kan wayar ya zame daga batir kamar zoben da ya yi wa mutum yawa.

YAYA: Mota ta yi sati bakwai a tsaye, komai yana iya saki.

AUTA: Noti yana kwance kansa a motar da ba ta motsi?

YAYA: Kai, ina da motar mutane a gabana. Me kake so?

AUTA: Ka koya min yadda ake ɗaure shi. Shi ke nan.

YAYA: Batir ɗin ai ya mutu, kai ka kashe shi da kanka. Ɗaurin me zai yi maka?

AUTA: Koya min dai.

YAYA: To. Makulli yana jiki?

AUTA: Yana aljihuna.

YAYA: Duba cikin kan, inda yake kama batir. Akwai farin gari kamar gishiri?

AUTA: Kaɗan. Ƙura ta fi yawa.

YAYA: Nemo samfefa a akwatin kayan Baba. Naɗe ta a yatsa ka goge cikin kan, ka goge kan batir ɗin ma, sai sun yi haske.

AUTA: Riƙe, in sa wayar a kafaɗa... Na goge. Yana ƙyalli.

YAYA: Mayar da shi ka danna har ƙasa. Kada ka buga da guduma, da ƙotar katako za ka ɗan ƙwanƙwasa. Ya zauna?

AUTA: Ya zauna. Yaya, fitilar cikin mota ta kama.

YAYA: Me ya kama?

AUTA: Fitila. Na bar ƙofa a buɗe. Ga ta can tana haska hular Baba.

YAYA: Fitila ba ta cin wuta. Ko mushen batir yana kunna ta. Nemo sifana mai lamba goma. Kuma ka kula, kada ƙarfen ya taɓa jar wayar, tartsatsi zai wanke maka fuska.

AUTA: Ba sai na nema ba. Ga ta nan kwance a gefen batir, ta maƙale a lungu.

YAYA: Ta Baba ce.

AUTA: Baba ba ya naɗa wa kayansa shuɗin salatif. Kai kake naɗawa, don kada abokan aiki su ɗauke maka. Yaya? Kana jina?

YAYA: Ina jinka. Na manta ta ne ranar da na sa masa sabon batir. Mutum bai isa ya manta sifana ba?

AUTA: Ya isa. Akwai wani abu kuma. Ka tuna abin da kake ce mana kana dariya? Duk kan da ka ɗaure sai ka dangwala masa giris, wai sa hannunka ne, tunda ba ka iya na biro ba.

YAYA: To?

AUTA: Jar wayar tana da giris, har shatin babban yatsanka yana nan. Baƙar a bushe take.

YAYA: Zafin inji yana narkar da giris.

AUTA: Ya narkar da ɗaya ya bar ɗaya?

YAYA: Auta, ka san da wa kake magana kuwa?

AUTA: Da yayana. Wanda ya tsaya a tsakar gida ranar rasuwa, gaban su Kawu, gaban Umma, ya nuna ni da yatsa ya ce rediyona ya cinye mana uba.

YAYA: Rai ne a ɓace. Kowa ya san kana zama a motar kana jin waƙa.

AUTA: Ina zama. Ni ma na yarda ni ne. Ba ka nan da safiyar, Yaya, ni ina nan. Baba ya dafe ƙirji a bakin famfo, buta a hannunsa. Na ɗauko shi, ban san ya rame haka ba sai ranar. Na murɗa makulli, motar ta ce ƙas. Na sake, ƙas. Umma tana baya ta rungume kansa, tana cewa tashe ta mana, Auta, tashe ta. Na fita ba takalmi, gida gida nake bugawa. Kafin mai kanti ya fito da tasa motar, rana ta hau katanga. Likita ya ce da mun zo da rabin awa...

YAYA: Likita ba Allah ba ne. Kwana ne ya ƙare.

AUTA: Sai yau kake cewa kwana ya ƙare. Ran nan rediyo ka ce.

YAYA: Ka ji... ranar da na sa batir ɗin, na ɗora kan da hannu ne in gwada. Ta tashi bugu ɗaya. Baba ya yi murna, ya ja ni ciki wai sai na ci abinci. Sai ga direba yana ta kira daga tasha, motar da zan koma a ciki ta cika za ta bar ni. Wani ya rufe bonet. Wallahi na ɗauka na ɗaure.

AUTA: Yaushe ka gane sifanarka ba ta cikin jaka?

YAYA: Wannan wace irin tambaya ce?

AUTA: Kafin rasuwar, ko bayanta?

YAYA: Washegarin sa batir ɗin na neme ta. Na ce zan kira Baba ya duba. Aiki ya sha kaina.

AUTA: Kwana tara ne tsakani.

YAYA: Na sani. Kana ganin ban ƙirga ba?

AUTA: Ashe da ka nuna ni da yatsa, ka riga ka sani.

YAYA: Ban sani ba. Tsoro nake kada in sani.

AUTA: To ƙarasa koya min. Ta ina ake juyawa?

YAYA: Auta...

AUTA: Ta ina?

YAYA: Dama. A hankali, kada ka tsinke notin.

AUTA: Ɗaya. Biyu. Da rabi. Ya cije.

YAYA: Girgiza shi.

AUTA: Ba ya motsi. Juyi biyu da rabi ne, Yaya. Ko buta ban isa in cika ba a wannan lokacin. Bari in shiga in murɗa.

YAYA: Tsaya. Kada ka tashe ta yanzu. Umma tana gida?

AUTA: Tana ɗaki. Ji... Ka ji ta? Bugu ɗaya. Bari in kara maka wayar a inji.

YAYA: Na ji. Kashe ta, don girman Allah.

AUTA: Ƙararta ba ta canja ba. Kamar yanzu zai leƙo ya ce a buɗe masa ƙofar gida.

YAYA: Saurara. Umma tana da hawan jini. Ka bari in zo ƙarshen wata, mu zauna ni da kai, mu san yadda za a faɗa mata.

AUTA: Ƙarshen wata. Ni kuma in ci gaba da ɗaukar kwanona a bakin ƙofa.

YAYA: Ba haka nake nufi ba. Ni ne babba, in ta ji wannan daga bakinka...

AUTA: Ba daga bakina za ta ji ba. Ga ta nan ta fito, ko mayafi babu. Tana kallon motar. Yanzu kuma ni take kallo. Umma, ga Yaya a waya. Shi ya san abin da ya sami motar, zai yi miki bayani.

YAYA: Auta, kada ka ba ta. Auta...

UMMA: Alo? Babbana? Wai ya aka yi ta tashi? Alo?... Auta, ba kowa a layin.

AUTA: Sabis ne, Umma. Zai sake kira.