Saƙon Inna da na riƙe kusan shekara talatin

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu.

A da, in na tsaya a gabanku, dattijon da ya ga duniya kuke gani. Na yi aikin tashar jiragen ruwa a Legas, da Duwala, da Bur Sudan. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci. Kuna kawo mini takarda in fassara, kuna kawo rigima in sasanta. Yau kuwa wanda ke gabanku mutum ne da ya yi wa mahaifiyarsa ƙarya har ta koma ga Allah.

Ina da yaya mace, Ladi, ita ta goye ni. Ta auri wani tela Musulmi, ta musulunta, suka tafi aikin hajji, suka zauna a Madina. Na ji haushi ƙwarai, na kuma sa wa haushin nan suna kishin Ubangiji.

A zamanin babu wayar hannu. Wanda ke can yakan ɗauki muryarsa a kaset ya ba alhazai su kawo gida. Ni ne mai boko, ni ne mai rediyo, don haka hannuna ake kawowa. Kaset huɗu Yaya ta aiko wa Inna. Duka na jefa su ƙasan akwati. Duk shekara in alhazai sun dawo sai Inna ta ce, "Ɗanjuma, ba saƙo?" In ce, "Babu, Inna."

Ranar da za ta cika ta riƙe hannuna ta ce in gaya wa Ladi ba ta riƙe ta da komai ba, ta sa mata albarka. Na ce to. Ban faɗa ba. Daga nan na shiga yawon aiki ƙasa ƙasa, kuma duk inda na sauka akwai wani nauyi a ƙirjina da likita bai taɓa gano shi ba.

Bara 'yata Rifkatu ta nemo lambar gwaggonta, suka shiga hira. Sai ta shirya mana hutu na kwana huɗu a jirgin ruwa, daga Jidda, ana bin gaɓar Bahar Maliya. Ta ce Gwaggo ma za ta zo. Na kawo uzurin hawan jini, na kawo na gwiwa. Rifkatu ta ce, "Baba, mutumin da ya yi shekaru a bakin teku ne yau yake tsoron jirgi?"

Yaya ta zo daga Madina a jirgin ƙasa, da 'yarta Safiya, da kwalin dabino. Mijin Yaya ya daɗe da rasuwa. Tana da ɗan shago a Uhudu inda take sayar wa maziyarta turare da tasbaha. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Gashin ya tafi, kunnuwan dai suna nan yadda na bar su. Yalla, maza ɗauki kwalin."

Na ga ruwa iri iri. Na Legas da na Duwala duhu gare su, ba ka ganin abin da ke ƙasa. Wannan kuwa garau yake, kana hango kifi da duwatsun ƙarƙashi, ga tsaunuka jajaye a gaɓa, ga iska mai ɗumi. Kowa na murna. Safiya tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, sai na zama tafinta tsakaninta da Rifkatu, suna ta dariya. Ni kuwa abinci ba ya wuce mini.

A rana ta biyu da la'asar muna zaune a saman jirgi muna shan shayi, Yaya ta ce, "Ɗanjuma, kaset huɗu na aika wa Inna. Ko tsawa ce ai da ta aiko mini. Kullum ina mata addu'a, amma na san da fushina ta tafi. Halas, shi ke nan, na haƙura."

Na ce, "Shayin nan ya yi sanyi." Abin da na iya faɗa ke nan. Tsohuwa mai ciwon suga tana ɗauke da fushin da ba a taɓa yi da ita ba, ni kuma ina maganar shayi.

Da gari ya waye na fita inda ba kowa, na durƙusa a jikin ƙarfen jirgin. Na ce, "Ya Yesu, na yi ƙarya, na kuma jingina ta da sunanka. Ba kai ka aike ni ba, girman kaina ne. Tsoron fuskarta nake ji. Ka buɗe bakina." Ban ji wata murya ba. Amma na tashi da sanin cewa in jirgin nan ya koma Jidda ban faɗa ba, ba zan ƙara samun dama ba.

Na sami Yaya ta idar da salla. Na zauna a ƙasa, na faɗa mata duka. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri."

Yini guda da rabi ba ta dube ni ba. Jirgi ya tsaya a Yanbu, yara suka sauka yawo, ita tana ɗaki. Rifkatu da ta ji abin da na yi ta ce, "Baba, kai da kake koya mana gaskiya?"

Ranar ƙarshe, ana hango gine-ginen Jidda, Yaya ta aiko Safiya ta kira ni. Ta ce, "Faɗa mini yadda ta faɗa. Kada ka gyara, kada ka fassara mini kamar wata baƙuwa." Na faɗa da irin Hausar Inna: "Ka ce wa Ladina ban riƙe ta da komi ba. Allah shi yi mata albarka." Ta ce in sake. Sau uku na maimaita. Sannan ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan da ya kamata ta yi tun tana da ƙuruciya.

Da ta natsu ta ce, "Na yafe nawa. Na Inna kuwa, tsakaninka da Allah."

Gaskiya ta faɗa. Inna ta tafi tana zaton 'yarta ta manta da ita, wannan ba zan iya gyara shi ba. Na kai shi gindin gicciye, kuma na gaskata jinin Yesu ya isa har can.

Na gode wa Allah da bai bar ɗayanmu ya mutu kafin ranar nan ba. In akwai maganar wani a bakinka, ɗan'uwa, ka dogara ga Ubangiji ka kai ta tun mai ita yana da rai. Yayata ta san yanzu uwarta ta sa mata albarka, ni kuma na daina ɓuya. Yabo ya tabbata ga Yesu. Amin.