Na Ajiye Bokiti da Tsumma

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da masu sauraro. Daga Jibiya nake rubuto muku.

Ranar da aka kafa wa tsohuwar unguwarmu sola, ji na yi kamar amaryar cikin littafi, fanka na juyawa, ina kwance ina karatu a waya. A kan soronmu aka jera faifan sola, ni nake hawa kullum in wanke musu kashin tantabaru. Akwai na'urar da ke raba wa gidaje wuta, wanda ya wuce kasonsa ta yanke masa.

Sai maƙwabciyata Hajiya Indo, mai sayar wa direbobin Maraɗi ƙanƙara, ta ƙaro firiza, na'ura ta riƙa yanke mata. A gidan suna, gaban surukata, ta ce, "'Yar littafin nan ce ke shanye mana wuta da wayarta." Mata suka yi shewa. Kwamitin unguwa ya rage mana kaso, ya ƙara mata.

Malama, waya ce ke shan wuta ko firiza? Kada wanda ya ba ni haƙuri. Na ciro littattafaina na takarda, ina kuma gaida tantabarun unguwarmu. Ba zan sake hawa soro ba sai ƙanƙararta ta koma ruwa.