Littafin da Ya Kai Baba Lambata

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni ce Hajara daga Kurmin Sarki, Suleja.

Babanmu kullum cewa yake littattafan nan namu ƙarya ce zalla. Ranar Juma'a ina karanta wa Inna wani, labarin wa da ƙani da suka yi gaba kan iyakar gona, sai ya ajiye fartanya ya zauna. Can ya ce, "Hajara, tsaya nan." Washegari ya shiga mota sai Lambata, gidan ƙaninsa da suka shekara goma ba sa magana. Tare suka dawo! Wallahi har yanzu tsigar jikina tashi take.

Yanzu so yake in ƙarasa masa. Jama'a, ku ba ni shawara, domin a littafin, ƙanin ya rasu kafin su shirya.