Allon Vimtim

Zira: Halo? Yaya Tizhe? Zira ne, daga gidan waya na Mubi.

Tizhe: A'a, malam! Ɗaga murya, layin na ƙara. Ina gajiya? Yaya makaranta, yaya matarka Dorcas?

Zira: Lafiya lau. Yaya Yola, yaya ruwa?

Tizhe: Ruwa ya yi gyara. Kun gama noman gyaɗa?

Zira: Na kira gayya ran Asabar, Dorcas ta dama kunu tukunya biyu. Ko mutum ɗaya bai zo ba.

Tizhe: Kai! Me ka yi wa mutanen Vimtim?

Zira: Ni na kula da rumfar zaɓensu. Fom bai iso ba, sai na rubuta sakamako a allon ajina a gabansu, na kwafe a takarda na kai Mubi. Rediyo ta faɗi jimlar ƙaramar hukuma kawai. Yanzu cewa suke ni baƙon Michika na sayar da ƙuri'arsu.

Tizhe: Ina allon?

Zira: Dattawa sun rufe shi da tabarma, sun hana a goge. Yaya, kai ke buga takardun nan da tafireta a ofishin zaɓe. Ba sunan Vimtim a ciki?

Tizhe: Wane suna? Wata ƙaramar hukuma ta aiko gunduma-gunduma, wata a fallen littafi. Taku lamba ɗaya ce tal.

Zira: Me zai hana gwamnatin tarayya ta yi fom iri ɗaya, ta buga na kowace rumfa a jarida, kowa ya ga nasa?

Tizhe: Wanda ya ci ma zai gani. In ya ga Vimtim ba ta zaɓe shi ba, za ka ga taki ko hanya?

Zira: Hanyar da dama babu? Ni sunana nake nema. Jiya a coci benci guda aka bar mana mu kaɗai, Dorcas ta yi ta kuka. Wallahi raina ya ɓaci.

Tizhe: Yi haƙuri, ƙanena.

Zira: To rubuto min wasiƙa da hatimi, cewa ƙuri'ar Vimtim ta shiga lissafi. In karanta musu.

Tizhe: Ban gan ta ba, Zira. Ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba.

Zira: Har da kai, Yaya?

Tizhe: Ban ce ka sayar da... Halo? Zira? Halo!