Ƙanen Matar Direba

A bencin tasha na ji su. Wata mata tana kallon waya tana share hawaye, mutumin gefenta yana leƙe.

"Baiwar Allah, shirin direban nan ne da 'yan fashi suka kashe?"

"Shi ne, malam. Ƙanen matarsa ke sa ni kuka. Kullum shi ke kai marayun makaranta."

"Ai ni ne ƙanen, na gaske."

"Kai ne? Allah ya saka maka da alheri. Yaya 'yar autar, ta daina firgita cikin barci?"

"Ina jin ta daina."

"Gidan za ka yanzu?"

"Can na nufa." Ya gyara riƙon ledar tsarabarsa. "Ke da kike bin shirin, ko sun nuna unguwar da yayar tawa ta koma?"