Manhajar Ƙara Jama'a

A rumfar kwamfutoci a Adjamé, Shamsuddin mahauci yana ta juya wata laftof, ga shi jibi sunan ɗansa. Wata mata mai jiran gyara ta leƙo.

"Malam, in bidiyo ne, waccan ta fi. Tana da manhajar da ke share hayaniya tas."

"Share? Hajiya, rufa min asiri! Haka aka yi wa bidiyon sunan ɗiyata, ya fito tsit. Surukata a Tawa ta ce ba ni da jama'a a Abidjan. Mai ƙara hayaniya nake nema, har da guɗa."

"To, an dai cika a sunan?"

Shamsuddin ya shafa gemu, ya rage murya.

"Ita manhajar, tana ƙara kawuna kuma?"